Ranar da Kunkuru Ya Share Sawun Yaya

A gidanmu ba a shara bayan matafiyi. In mutum ya fita da jaka, tsintsiya takan koma bayan ƙofa har sai labari ya zo cewa ya sauka lafiya. Inna ta ce haka ta taras, kuma wanda aka share sawunsa tamkar an ce masa kada ya dawo ne. Ni da na yi karatu har na zama malamar makaranta na sha yi mata musu a kan wannan. Takan ƙyale ni in yi ta zuba har in gaji.

Yayana, babban ɗanta, a Jidda yake aiki. Shi ya gina mata falo mai tayil a ƙauyenmu da ke kusa da garin Abu Na'ama, a ƙasar Sudan. Shekarar da ya zo hutu bayan an gama ginin, ya zaro wani abu daga kwali, zagayayye kamar faifai, ya ajiye a ƙasa ya danna. Abin ya kama yawo shi kaɗai yana zuƙe ƙura. In ya yi karo da ƙafar kujera sai ya juya, in ya gaji ya koma jikin bango ya sha wuta. Yaya ya ce saboda ciwon bayan Inna ya sayo shi, ta huta da duƙawa.

Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Wanga kunkuru kad ɗauko min tun daga Saudiyya?"

Sunan ya bi shi. Mako guda maƙwabta na zuwa kallo, ni ce mai dafa musu shayi. Haushi nake ji, gaskiya, don ɗaki ɗaya tak yake iya sharewa. Tsakar gida yashi ce, tana nan tana jiran tsintsiyar kaba da bayana, amma kowa kunkuru yake yabo.

Yaya ya saita shi ya riƙa tashi da kansa ƙarfe takwas na kowace safiya. Ranar tafiyarsa babu wanda ya tuna da haka. Ya shigo falo daga tsakar gida ba takalmi, ya durƙusa gaban Inna, ta dafa kansa ta yi masa addu'a, ƙafarsa ta bar yashi a kan tayil. Muka raka shi bakin titi ya hau motar garin Sinnar, daga can zai wuce Hartum ya hau jirgi. A hanyar dawowa muka yi ta tsayawa gaisuwa gida-gida.

Tun daga ƙofa na jiyo ƙarar kunkurun. Wutar da kullum sai an ɗauke ta, ranar ta zauna daram. Na ruga na kashe shi, amma ya riga ya gama, tayil sai ƙyalli yake. Da na juyo na ga Inna tsaye a bakin ƙofa, sai gabana ya faɗi, ni ɗin nan mai musu. Na tuna damina ce, hanyar Hartum da nisa, ga kuma jirgi.

"Inna, makana ce bas, na'ura ce kawai," na ce. "Ba ta san komai ba."

Ta zauna a kan tabarma a hankali. "Kawo shi nan. Ina shika kai abin da yac ci?"

Na buɗe cikinsa na zaro ɗan akwatin da ƙura ke taruwa. Ta kwance gefen wani farin ƙyalle ta shimfiɗa, ta juye komai a kai: yashi, zare, ɓawon gyaɗa. Ta bubbuga akwatin har sau uku don kada wani abu ya maƙale, sannan ta ƙulle.

"To, bai hita gida ba," ta ce. "Shara ita ce wadda anka zubar waje."

Kwana biyu babu layin waya a ƙauyen. Inna ta ci gaba da harkokinta, ta yanka kuɓewa ta shanya, ta je barkar haihuwa. Abinci ne kawai na ga tana tsakura. Kunkuru kuwa na kife shi a kan kabad, ƙafafunsa a sama.

Rana ta uku waya ta shigo. Yaya ya sauka lafiya, har ya koma bakin aiki. Inna ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta tambayi zafin garin, ba ta ce masa uffan a kan abin da ya faru ba. Da suka gama na ɗauko tsintsiya na share tsakar gida tas, raina fes. Sannan na leƙa ɗakinta.

"Inna, ba ni ƙullin nan in haɗa da shara."

Tana cikin ninke mayafanta, ba ta ko ɗago kai ba.

"Can yay isa, ɗiyata," ta ce. "Nan bai iso ba tukuna."

Ta tura ƙullin ƙasan akwati ta rufe. Sai bayan shekara biyu da rabi Yaya ya sake samun hutu.