Daliget Ɗin Muchia da Ya Koyi Rubuta Suna Ɗaya

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Garba, kuma da son raina zan bi, da na yi masa addu'a a ɗakina na ja bakina na yi shiru, kamar yadda na saba duk shekara. Bana abin ya ƙi. Ɗansa Nasiru ya same ni a gida nan Samaru da wata buƙata, tun daga ranar ko zama na yi sai in ji kamar akwai inda aka aike ni ban je ba. So yake in raka shi gidajen dattawan unguwarsu Muchia, can Sabon Gari, in roƙa masa su sake tsaya masa a harkar jam'iyya, albarkacin ubansa. Ni kaɗai na rage a ɗakinmu, maganata a kan sunan Yaya tana da ɗan nauyi a unguwar, shi ya sa ya zo. In na ƙi, na juya wa ɗan wana baya. In na yarda, na ɗauki sunan mamaci na kai shi kasuwa.

Wanda bai san Yaya Garba ba, mutum ne dogo mai ƙarar murya, yana sayar da kayan gyaran injin niƙa a Sabon Gari. Ba waliyyi ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Yana da taurin kai da son gardama, in siyasa ta motsa masa sai ya bar mai saye a tsaye da bel ɗin inji a hannu yana yi wa wani bayanin abin da ba a tambaye shi ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa jam'iyya ce uwargida a gidan, ita haya take zaune. Ya daɗe yana hidimar jam'iyya a mazaɓarsu, daga ɗaukar benci har ya kai ga riƙe ƙaramin muƙami, sai wata shekara aka ɗauke shi cikin daliget da za su je Abuja zaɓen fidda gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa.

Yau in aka ce wane ya zama daliget, abin da mutane ke fara cewa shi ne ya warke. Wancan lokacin ma akwai masu faɗin haka, ba zan yi wa zamaninmu kwalliya ba. Shi dai Yaya wani abu ya fahimta daban, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya iya cire masa shi a kai. A wurinsa daliget ɗan aike ne. Unguwa ba za ta ɗunguma ta tafi Abuja ba, sai ta tura mutum ɗaya, to mutumin nan ba shi da ra'ayi sai na waɗanda suka tura shi. Saboda haka ya rufe shago ya shiga zagaye. Ya bi masu kayan miya, ya bi kafintoci, ya shiga layin Inyamurai masu kayan gini da na Yarabawa masu ɗinki, duk wanda ya san ɗan jam'iyya ne, har ma da waɗanda ba ruwansu, yana tambaya wa suke so. Wasu suka yi masa dariya. Wasu suka ba shi kujera, don tunda suke ba a taɓa zuwa har ƙofar shagonsu an tambaye su irin wannan ba. Cikin masu ba da kujerar akwai Maman Chidi, mai sayar da manja da garin rogo, wadda a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni.

Abin da zagayen ya haifar bai yi masa daɗi ba. Akwai ɗan takarar da yake ƙauna kamar me, hotonsa ma yana manne a shago, kuma shi ne wanda manyan jam'iyya na jiha suka ce a zaɓa. Unguwa kuwa, mafi yawanta, wani daban ta nuna. Na tuna ya zo gidana ran nan da la'asar, ya zauna bakin tabarma yana ta huci, ya ce mutanen Muchia ba su san ciwon kansu ba. Na ce to ya bi zuciyarsa mana, tunda ita da umarnin manya sun zo ɗaya, kuma ba mai leƙa takardarsa. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce ba shawara ya zo nema ba, karatu ya zo.

A nan ne na san wani abu da ban sani ba game da zaɓen daliget. Ashe ba dangwale ake yi ba, takarda ake ba ka ka rubuta sunan wanda kake so. Wanda bai iya boko ba, akwai wakilan 'yan takara a tsaye, su taimaka masa su rubuta. Yaya kuwa allo ya yi, ajami yake rubutawa, boko ko sunansa da ƙyar. Ya ce shi ba zai ɗauki saƙon mutane tun daga Zariya ba, ya je bakin akwati ya miƙa wa wani ƙato alƙalami. Ni malamar firamare ce a lokacin, to in koya masa sunan nan guda ɗaya.

Na koyar da yara masu yawa, ban taɓa samun ɗalibi mai wahala irinsa ba. A bayan kwalin kayan inji muke yi. Hannunsa ya saba farawa daga dama, sai ya kama sunan ta wutsiya. Akwai harafi ɗaya da kullum sai ya juya masa fuska baya, in na gyara ya ce ai duk ɗaya ne, Turawa ne da fitina. In na yi dariya ya ce in tuna shi ya goya ni. Ga shi sunan mutumin da ba ya so ne, yana rubutawa yana tsaki. Amma bai fasa zuwa ba har sai da hannun ya faɗa.

Ya je, ya rubuta, mutumin unguwa ya sha ƙasa. Da ya dawo bai wuce gida ba, ya fito da benci ƙofar shago, ya zauna ya ba da rahoto: ga wanda kuka aike ni in zaɓa, shi na zaɓa, bai ci ba, ga yadda aka yi. Da ya yi shiru da bakinsa ba wanda zai sani, don ƙuri'ar a ɓoye take. Shi ya tona kansa da kansa, a gaban jama'a, har da ƙarin bayani. Kafin shekara ta zagayo an cire shi daga muƙaminsa. Alkawarin aikin gwamnati da aka yi wa Nasiru, wanda a lokacin ya gama makaranta yana zaune, shi ma ya bi iska. Wanda unguwar ta nuna ɗin ma, da tafiya ta yi tafiya, bai zama abin a zo a gani ba. Ina faɗin wannan ne don a san ba riba Yaya ya ci ba, kuma ba shi kaɗai ya biya ba.

Shi ya sa ba na iya yi wa Nasiru hukunci da sauri. Yaron nan ya girma yana ganin ana yabon ubansa a bakin titi, a gida kuwa ana auna tuwo. Ya gaji shagon a lokacin da kasuwar ta mutu, ga iyali. Da zaɓen fidda gwani da ya wuce ya matso, manyan suka neme shi da kansu suka ba shi kujerar daliget. Ba don ya fi kowa hidima ba. Sun san in aka ce ɗan Garba ne, Muchia ba za ta yi ƙorafi ba.

Na tambaye shi a lokacin ko ya zagaya. Ya yi murmushi ya ce, "Goggo, ai yanzu ba a yin wannan. An riga an gama magana a sama." Bayan ya dawo, da bakinsa ya ba ni labari, yana yi yana dariya irin ta wanda ke so a taya shi. An kwashe su a mota ɗaya, an ajiye su a otal ɗaya, ba shiga ba fita. 'Yan takara na zuwa gaisuwa, kowa da abin da ya riƙo. Ranar zaɓe aka ce don kada a samu ɓaraka, kowa ya miƙa takardarsa ga mutum ɗaya ya rubuta, masu boko da marasa boko. Ya miƙa. Ban taya shi dariyar ba, na tashi na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Mutane kuma sun taru a ƙofar shago da ya dawo, kamar zamanin ubansa. Sai dai ba rahoto suka zo ji ba, rabonsu suka zo karɓa, kuma ya raba daidai gwargwado, aka yi ta sa masa albarka. Wannan ne ke hana ni sukuni in na tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Na san zai fara da manyan jam'iyya, zai yi musu tas. To amma da ya juyo ya ga maƙwabtansa a layi da hannu a buɗe fa? Ina jin a nan muryar tasa za ta sauka. Kullum ana muhawara a rediyo, wasu su ce a soke daliget a koma 'yar tinƙe kowane ɗan jam'iyya ya zaɓa da kansa, wasu su ce maslaha ta fi, manya su daidaita kan mutum ɗaya, ni kuma ina sauraro ina jinjina kai. Ko wace hanya aka bi, akwai wanda za a ba amana a wani lungu da ba mai ganinsa, kuma sai in akwai mai tambayarsa in ya dawo ne zai ji nauyinta.

Shekaranjiya na ce wa Nasiru ya zo mu je, amma gida ɗaya zan fara raka shi, kuma ba zan ambaci sunan ubansa ba. Muka hau Keke Napep daga Samaru har Sabon Gari. Maman Chidi ta tsufa ƙwarai, ta bar kasuwa, tana zaune a baranda jikokinta na kai da kawo. Ta gane ni, ta rungume ni, muka gaisa, muka yi wa juna ƙorafin gwiwa. Nasiru ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta saurare shi har ya gama.

"Na ji," ta ce. "Amma wancan karon da ka je, wa ka zaɓa mana? Ranar da ka dawo na aiko a tambaye ka, aka kawo mini kuɗin cefane."

Nasiru ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai ce sirri ne, ko ya kama sunan wanda ya ci ya ba ta, don shi ne mafi sauƙi. Sai ya ce, "Mama, ba ni na rubuta ba. Ban ma tambaye ku ba kafin in tafi."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi masa alkawari ba. Ta ce ita ƙuri'arta ɗaya ce, kuma ƙafarta ba ta kai ta wurin taro yanzu, amma in yana son maganarta a layin nan, ya je ya fara daga shagon farko, ita ce ta ƙarshe, in ya iso za ta ji abin da sauran suka ce. Ta sa aka kawo mana ruwa.

A hanyar dawowa ya ce mini, "Goggo, kin san in na yi haka cire ni za su yi." Na ce na sani. Ya ce, "Yarana fa?" Da muka iso mararrabar Kwangila ya sauka, ya ce yana da wurin zuwa, har yanzu da nake rubutun nan bai kira ni ba, ni ma na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Yaya Garba, ba shi da yawa. Shagon yana tangal-tangal, muƙamin ya tafi tun yana raye, waɗanda suka ba shi kujera a zagayensa yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Abin da na gani da idona shi ne tsohuwa guda a Sabon Gari da har yau take ganin wanda aka aika bashin amsa ne a kansa, da kuma ɗa da aka tambaya ya kasa yi mata ƙarya. Ban sani ba ko wannan ya isa ya sa mutum mai iyali ya rufe shago ya bi layi yana sallama. Allah ya jiƙan Yaya, ya kyauta makwancinsa. Shi ya yi nasa ya tafi, ya bar mu da yaron da zai biya kuɗin halinsa karo na biyu, kuma wannan karon ni na kai shi ƙofar.