Allon Motar 'Yan Gishiri a Ɗa'if

Mun tashi da asuba daga Nuzla, unguwarmu a Jidda, ni da maƙwabciyata da mijinta, a cikin akori-kurar da yake ɗauko 'ya'yan itace da ita daga Ɗa'if. Hausawan Sudan ne, shekararsu uku a lungunmu, ba su riski maigidana da rai ba. Mijin ne ya jawo tafiyar. Ya dawo wata rana yana ba da labarin wata tsohuwar motar tsere da ya gani an girke a lambun wani attajiri, shuɗiya, ƙofofinta liƙe da walda. Na ce akwai allo? Ya ce akwai, da sunan attajirin da na wani Bature injiniya. Na ce sai kuma wa? Ya ce shi ke nan. Ran nan ban ci abinci ba.

Kafin mu kai Bahra na gama ba su tarihin motar, ko suna so ko ba sa so. Su biyar ne, dukkansu namu, makanikai a wani gareji bayan tashar jiragen ruwa. Attajirin nan shi ne kafilinsu, wato mai tsaya musu a takardun zama, a lokacin ko gemu bai tara ba. Motar gida ce ta kowa da kowa ya ba su, suka cire kujeru, suka ɗaure cikinta da bututun ƙarfe. Duk Juma'a bayan la'asar sai su kai ta fagen gishirin da ke kudu da gari, su kara da Turawan kamfani. Shi ya sa ake ce musu 'Yan Gishiri. Sale ke tuƙi, Audu walda, Garba da Tanko tayu da mai. Inji kuwa na maigidana ne, wanda kowa ke kira Bahago. In sun ci, attajiri ya ɗauki kofi ya tafi gida, su kuma su dawo mini da riguna fari fat da gishiri in wanke. Daga baya mota ta kife da Sale, ƙugunsa ya karye, bai ƙara miƙewa ba. Aka kama Tanko ba iƙama, takardar izinin zama, aka sa shi a jirgi. Fagen ma aka cika shi da ɗakunan ajiyar kaya. Sauran ukun, Allah ya karɓi abinsa ɗaya bayan ɗaya.

A Bahra muka karya da wake da gurasa. Waken ya sha ruwa kamar an yi masa wanka, kuɗin kuma ya ninka na Jidda. Na gaya wa mai shagon. Ya ce, “Ya Hajja, hanya ce.” Na ce hanyar ce ta zuba ruwan?

Muka ratsa ta gefen Makka, na yi niyyar umara sai a dawowa. Daga nan muka kama hawan Hada. Titin sabo ne, an sassaƙe shi a jikin dutse, yana murɗewa kamar hanjin rago. Maƙwabciyata ta rufe ido tana salati. Birai sun jeru a bakin hanya suna kallonmu kamar masu karɓar haraji, ɗaya ya fizge mana ragowar gurasa. A tsakiyar hawan na ji injin yana wani tari, na ce wa direba, mijin nata, ya tsaya ruwa ya ƙare. Ya yi dariya. Ba mu yi nisa ba hayaƙi ya tashi. Ya sauka da jarka, bai ƙara dariya ba. Shekara talatin ina kwana kusa da mutumin da ke jin ciwon inji tun daga bakin lungu, ai dole wani abu ya shiga kunnena.

Ɗa'if akwai sanyi, ga rumman da inabi a kwanduna, araha har da ban haushi. Ban saya ba. Ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

Lambun a buɗe yake ga masu shan iska, motar na ƙarƙashin rumfa an goge ta tana ƙyalli. Na sa direba ya ɗaga murfin inji, mai gadi yana ihu, na ce ya kira maigidansa. Attajirin ya fito, ya yi teɓa, gemu ya yi fari. Bai gane ni ba, ni da na sha dafa masa shayi a garejin.

Na ce, “Wa ya haɗa wannan injin?”

Ya nuna allo. Na ce ni ban yi makaranta ba, amma ya sunkuya ya duba wayar da aka ɗaure kowane kan ƙusa da ita don kada gudu ya kwance shi. Duk makanikin duniya dama yake murɗa ta. Waɗannan hagu aka murɗa su, tun daga na farko har na ƙarshe. Na ce Baturen naka, wanda ya zo sau biyu ya sha lemo ya tafi, bahago ne?

Mutane sun fara taruwa. Ya ce, “Halas, ya isa haka, ya Hajja, na tuna, Allah ya jiƙansa,” ya sa a kawo mini kwandon rumman. Na ce ya ba birai. Na shimfiɗa mayafina a gaban motar na zauna, na ce ba inda za ni sai an kira mai fenti ya ƙara sunayensu a allon.

Sai bayan azahar mai fenti ya iso. Na faɗi sunaye huɗu, ya rubuta. Ya ɗaga buroshi yana jiran na biyar. Na dubi attajirin na ce, “Faɗa masa.” Ya shafa gemu, ya ce, “Bahago... wannan Batakaruren... wallahi ya shige mini.” Batakarure, haka suke kiran irinmu a ƙasar nan. Mutumin da ya yi masa aiki shekara goma sha. Na juya wajen abokan tafiyata, su ma Bahago kawai suka sani.

Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ina yarinya, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Haka uwata ta yi, haka kakata. Ko ranar da ya rasu, da ma'aikacin asibiti ya tambaya, ƙaninsa ne ya amsa. Maƙwabciyata ta raɗa mini, “Hajiya, ki gaya mini a kunne, ni in faɗa.” Na ce a'a. An daɗe ana yi masa raɗa. Na miƙe tsaye a gaban maza baƙi, na faɗi sunansa da na mahaifinsa da ƙarfi. Mai fenti ya sa buroshi ya rubuta.

Da ya gama ban yarda ba, don mai fenti albashin attajiri yake ci. Na tare mutum uku da ba su san juna ba, wani malami, wani soja, da wani mai sayar da zuma, kowanne na sa shi ya karanta mini allon shi kaɗai. Bakinsu ya zo ɗaya. Sojan ya ce baƙaƙen ƙanana ne, kuma a can ƙasa suke, Baturen yana nan a sama. Wannan har yau yana ci mini rai.

A dawowa na ɗaura niyya a miƙati, na yi umara, na roƙa wa su biyar ɗin gafara. Mun shigo Nuzla zafin Jidda ya tare mu kamar ya yi kewarmu. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kunyar da na riƙe shekara da shekaru ta yi wa maigidana ado a cikin gida, amma a waje ta taya wani binne shi. Maƙwabciyata da ke rubuta mini wannan ta ce in faɗi sunan ta sa. Sau ɗaya na faɗa, ya isa. Mai son ji ya hau Hada ya karanta.