Ranar da Na Gwada Gida Ban Gwada wa Inna Ba

Ko zan manta komai na zamana a Abuja, ban da ranar da na kai Inna duba gidan haya a Bwari. Ni ne ɗanta na fari. Ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, shi ya sa na ɗauko ta daga Zariya ta zauna tare da mu.

A lokacin ina ji da kaina wajen duba gida. Na ja ruwan masai sau uku, na murɗa kowane famfo, na buɗe tagogi na rufe, na danna sakatarsu da ƙarfi. Dillali har ya gaji ya ce, "Oga, haba! Ko kai ka gina gidan ai sai haka."

Inna ta ce za ta zaga. Ta shiga banɗaki da sandarta, mu kuma muka fita tsakar gida, ina ta yi wa dillali lacca a kan bututun ruwa. Wai ni gwani!

Ashe masan gajere ne ƙwarai. Ta zauna, tashi ya gagara, babu abin dafawa. Ta miƙa sanda don ta tura taga ko wani zai lura da ita, ni kuwa na riga na datse ta. Kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tunda ta haife ni, balle daga banɗaki. Ta gwammace ta yi shiru.

Matar mai gidan, wata dattijuwa Bagwariya, ita ta ji ana ƙwanƙwasa gilashi a hankali. Ta wuce mu da sauri. Da na biyo ta, ta ɗaga mini hannu. "Tsaya nan, ɗana. Wannan namu ne."

Sun daɗe kafin su fito, ta riƙo Inna suna hira kamar ba abin da ya faru. Amma na ga idon Inna ya yi ja. Wallahi na ji kunya, na ji tausayinta har cikin raina.

A mota na ce, "Inna, gidan ya yi?"

Ta kalli waje ta ce, "Ya yi wa mai ƙafa."

Tun daga ranar na gane ba da lafiyar jikina ake duba gida ba. Duk inda na shiga yanzu, sai na zauna na tambayi kaina ko Inna za ta iya tashi ba tare da ta kira kowa ba.