Eriyar Yaya a Karmo

Na zo Abuja a shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas. Tireloli na shigowa da tebura da kujeru, ma'aikata na biye da iyalansu da talabijin ɗinsu. Ni a aji uku na bar sakandare, amma na iya ɗaura eriya, kuma lokacin duk wanda ya samu ɗaki eriya yake nema kafin labule. Masu gata suna cikin gari. Mu masu hawa musu rufi, Karmo muke kwana.

Yayana ya riga ni zuwa. Yana da rumfar kwano a bakin hanya, da benci, da talabijin mai kala, mutane na shiga kallon ƙwallo. Ni na ɗaura masa eriyar. Sai da na yi ta jona bututun ruwa a kan bututun ruwa kafin hoton ya daina yayyafi, don duwatsun nan suna tare tasha. Da na gama, ba abin da ya kai ta tsawo a unguwar.

Aikin eriya ba a sama yake ƙarewa ba. Ana ɗaura waya mai kauri a jikin bututun, a sauko da ita, a tona rami, a kafa sandar tagulla, a zuba gawayi da gishiri, a rufe. Da rani a riƙa ba wurin ruwa. In tsawa ta sauka, ta nan take bi ta shige ƙasa. Haka ogana ya koya mini, haka nake yi wa kowa.

A rumfar Yaya ma na ɗauko diga zan tona ramin, Yaya ya riƙe ƙotar.

"Me za ka binne mini?"

"Tagulla, Yaya."

"A ƙasar wa? Ta ubanka?"

"Ubanmu dai."

"To ubanmu bai bar mana ko taku ɗaya a nan ba. Gobe masu rusau su zo, sai in ce su dakata in tono tagullata?"

Haka Karmo take. Ba mai sa abu a ƙasa. Ƙofa ma sama-sama ake kafa ta don a cire da sauri. Mata ba sa kwance buhun kwanuka duka. Kullum ana cewa an ga katafila a Idu, gobe za ta iso. Wanda ya shuka ko rama ce, dariya ake masa.

Yaya ya ce dabararsa ta fi tawa: da hadari ya haɗo, a zare waya daga bayan talabijin a wurga ta waje. Daga nan na zama mai gadin sama. Ina kan rufin wani a Garki, hannu na kan filaya, ido na gabas. Na sha barin aiki rabi in tari mota, don na san Yaya, in rumfa ta cika ba zai zare komai ba. Ko tuwo nake ci, in iska ta juya sai in miƙe. Wani lokaci in iso jiƙe sharkaf in tarar hadarin ya wuce, a yi ta mini tsiya.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Na iso gari ya yi baƙi, rumfa ba masaka tsinke. Na kutsa na kai hannu bayan talabijin, wani direban tifa ya doke hannun.

"Malam, bari a buga fenaritin nan, sai ka cire har da kanka."

Na kalli Yaya.

"Ƙyale su," in ji shi. "Wannan hadarin na Bwari ne, can zai zuba."

Farin haske na gani, sai ƙarar tsawa. Ba wanda ya mutu, Allah Ya tsare. Talabijin ya ƙone ƙurmus, rumfa ta cika da warin roba, mutane suka tattake juna a ƙofa. Kunnena na hagu har yau bai dawo daidai ba.

Da ruwa ya ɗauke, wata tsohuwa mai fura ta zo da ƙwaryar nono ta tsiyaya a gindin bututun, yadda ake yi a garinsu in aradu ta faɗi. Tana tsiyayawa tana cewa aradu ba ta sauka haka kawai. Ko wani ya yi rantsuwar ƙarya, ko ya ci kayan mutane. A makon kuwa an sace waya a wani kamfani a Idu, ni kuma kullum ga ni da naɗin waya a kafaɗa. Ba wanda ya ce ɓarawo. Gaisuwa ce ta gajarce. Liman ya ce camfi ne, aka ce masa haka ne, Malam, aka ci gaba.

Magana ɗaya ta isa ta wanke ni, tana bakin Yaya. Na same shi yana gyara benci.

"Yaya, gaya musu kai ka hana a tona rami."

"In na faɗa, wa zai sake zama a rumfata?"

"Ni kuma wa zai bar ni in hau rufinsa?"

"Rufi ya ƙare a Abuja ne?"

Bai ɗago kai ba.

Akwai wani masinja da ya zo daga Legas, mun yi da shi zan ɗaura masa eriya. Na je da tsanina. Matarsa ta tare ni a bakin ƙofa da Hausarta ta kasuwa.

"Oga ta ce kar ka hau. Ta ce tsawa yana bin ka."

Na ce zan tona musu rami, zan sa tagulla, ba abin da zai same su. Ta ce a'a, su ma baƙi ne, ba sa son a tona komai. Ta ja ƙofa.

Gida na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Kafin kaka na koma unguwar Dutse Alhaji, amma direbobin tifa suna zuwa can ɗaukar dutse, labarin ya riga ni sauka. Ƙarshe na shiga ƙarƙashin wani da bai kai ni iya aiki ba. Shi ke hawa, ni ke riƙe masa tsani.