Gungumen da Ba Ya Bin Ruwa

Wata safiyar Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji uku, muna wanki a mashayar ƙauyenmu kusa da Argungu. Ni da kakata Inna muna cuɗa, ƙanwata Asabe, 'yar shekara uku, tana zaune ƙafafunta cikin ruwa tana wasa da ludayi. Sai na lura tsuntsayen cikin shinkafa sun yi tsit. Can na hango wani baƙin gungume da babu shi jiya. Ruwa na gangarawa da ciyayi, shi kuwa yana haurowa a hankali, yana nufo inda Asabe take.

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Wanga ba icce na ba," ta ce. "Ɗauko ɗiyag ga, ki taho da baya." Na sungumi Asabe, tana ihun ludayinta. Gungumen ya tsaya, ya buɗe idanu biyu ya dube ni, sannan ya nutse.

Mun taso mun san akwai kada a gulbi, kuma bai taɓa taɓa kowa ba, domin Inna na da dokokinta. Ba a zuwa ruwa da magariba, ba a tsugunawa wuri ɗaya kullum, kuma kayan cikin kifi a rami ake binne su can bayan rumbu. "In kun ba shi ci, kun koya mishi hanya," haka take cewa. To ni ce mai gyaran kifin gidanmu, ga ni da son jiki. Tonon rami ya ishe ni, sai na riƙa fakar idon Inna ina juye ƙwaryar kayan cikin a mashaya. Sati biyu ina haka.

Da muka iso gida Inna ba ta tambayi kowa komai ba. Fartanya kawai ta miƙo mini, ta daɗe tana kallona. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi.

Yau ina Birnin Kebbi, famfo na tsakar gida, jikokina a waya kawai suka san kada. Ina kewar gulbin, amma har yanzu binne kayan kifi nake yi. Asabe na yi mini dariya, wai tsufa ne. Ban taɓa gaya mata ni na kira shi ba.