Baba Kabo, Uwar 'Yan Yaye

Bari in fara da gaskiya: ni mutum ne mai tsoron ɓata farar jallabiya. Shekara da shekaru ina kai sha'ir da ɗanyar ciyawa garken wani Balarabe mai suna Bandar da ke bayan garin Makka, can kudu da unguwar Kudai, amma da wuya in sauko daga mota. Sai dai in sauke gilashi rabi, in miƙa wa Baba Kabo yatsu biyu. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kansa, ta rabin gilashi na gani.

Aikinsa renon 'yan tumakin da aka raba da nono. Da an sallame asuba yana cikin rumfarsu, ya kwashe kashi, ya zuba busasshen yashi. Yakan tsoma gwiwar hannu a ruwan shansu, domin tanki a Makka kan dafa ruwa tun kafin azahar, ɗan yaye kuwa in ruwa ya ƙona masa baki, ya bar shi ke nan. Ciyawa yake fara ba su, sannan sha'ir kaɗan-kaɗan, kada ciki ya kumbura. Ƙanana kuma rumfarsu daban, don kada ƙarfafa su tare komin abinci.

Babbar dabararsa ita ce Goggo, wata tsohuwar tunkiya da ta daina haihuwa. Ranar yaye iyayen yake kora, ya bar 'ya'yan inda suka saba, ya sa musu Goggo. Ba ta da nono, ba ta da fara'a, ci kawai ta iya. Da ta sa kai a komi, sai su bar kuka su bi ta.

Wata shekara, gab da aikin Hajji, nama ya yi tsada, Bandar ya sayar da Goggo ga wani mai gidan abinci a unguwar Aziziyya.

"Ya ammi, kawuna, tana ci ba ta haihuwa," in ji Bandar. "Halas, magana ta ƙare."

"Ai cin nan shi ne aikinta, ɗan nan," in ji Baba Kabo.

Aka yaye sababbi, suka ƙi ci. Kuka har murya ta dishe, haƙarƙari ya fito, aka fara fitar da gawa. Bandar, wanda gadon kiwon ya yi ba don yana so ba, ya ce in waɗannan suka ƙare zai rufe garken. Shi kuwa Baba Kabo tun da ya zo Hajji ya zauna, ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Rumfar nan ce aikinsa, ɗakin langa-langar da ke gefenta ne gidansa.

Na iso da hantsi, na tarar da dattijo a durƙushe, gwiwa da hannu, kansa cikin komi, yana motsa baki, gemu duk dusa.

"Baba, lafiya? Ko in sayo maka shinkafa?"

"Direba, tunda ba saukowa za ka yi ba, kashe motar. Kana firgita min ɗalibai."

Na kashe. Can sai wani ɗan baƙi ya matso, ya shinshina masa kunne, ya sa baki a komin. Wani ya biyo shi. Haka Baba ya yi ta yi safe da yamma har suka kama ci, garken ya tsira. Ranar ma ban sauko ba, amma na sauke gilashin duka.

Kai ne uwar 'yan yaye, Baba Kabo. Kai ne ka karɓi aikin tunkiya ba ka ji kunya ba. Alhazai sun yi hadaya da ragunan da ka rena, sun koma gida ana yi musu barka, ba wanda ya san sunanka. Mu da muka sani kuma ba mu taɓa tambayar lafiyar gwiwoyinka ba, har suka daina ɗaukar ka.

Yanzu yana gidan 'yar ƙanwarsa Ramlatu, a kan tabarma, ƙafa a miƙe. Duk zuwana tambayarsa ɗaya ce: "Yaran suna ci?" Ni kuma in ce suna ci.

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri. Matasanmu kuma ku je ku zauna gabansa, ku koyi yadda ake durƙusa wa abin da ba zai taɓa cewa an gode ba.

Garken dai Bandar ya sayar da shi bara. Motocin alhazai ake ajiyewa a wurin.