Ranar da Baffa Ya Kwance Rawani

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ranar da na sa wa Baffa hedifon ba za ta fita daga raina ba.

Shekarar fari ce. Gero ya ƙone a tsaye, rijiyar ƙauyenmu da ke wajen Kurawa ta koma taɓo. Sai wata ƙungiyar agaji ta ce za ta haƙa burtsatse guda ɗaya, ga shi ƙauyuka uku ke nema. Kowane mai gari an ba shi rabin sa'a ya yi bayani ta kwamfuta. Baffa, yayan mahaifina, shi ne mai garinmu, ni kuma ina da ɗan shagon buga takardu a Sabon Birni. Aka kwaso shi da dattawa biyar a kan babura zuwa shagona.

Tun da safe hedifon ɗin, irin mai shiga ramin USB, ya fara nuna mini hali. Murya can ƙasa, maɓallin ƙarawa na jikin wayarsa kuma kamar ado. Na canza rami, na kashe kwamfutar na kunna, a banza. Sai da na shiga saitin sauti na gano ta ware masa nasa ma'aunin daban, ta bar shi a ƙasa. Na ja shi sama, murya ta fito tar. Kaina ya kumbura, har da ɗan fito.

Jami'ar ƙungiyar ta bayyana a allo, Baffa ya gyara zama. "Madalla. Haka na. Allah shi saka," yake ta faɗi. Can na ga matar ta ɗaure fuska, ta rubuto mini: "Zurfin rijiyarku na tambaya, ya ce madalla."

Na raɗa masa, "Baffa, kana jin ta?"

"Bakinta dai nika gani yana motsi. Baƙuwa ta, ai ba ni ce mata ta sake."

Na koma saiti, komai na sama. Rabin lokacin ya tafi. Sai a lokacin na ɗauke ido daga allo na dubi mutumin. Ashe a kan rawani na ɗora hedifon, ninki uku bisa kowane kunne! To wa zai ce mai gari ya tuɓe rawani gaban dattawansa? Na yi ƙarya, Allah ya yafe mini. Na ce musu injin ba ya son taro, suka fita suna gyaɗa kai.

Na durƙusa. "Baffa, rawanin na ya tare muryar."

Ya dube ni. "In don ruwa na, za ni kwance shi. Ruhe ƙohwa."

Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar, fari fat. Ina mayar masa da hedifon ya zabura. "Kai, rage! Za ta kurmanta ni!"

Daga nan ya buɗe baki. Ya faɗi zurfin rijiya, gaba nawa ce, da inda kakanni suka taɓa samun ruwa, da garken makiyayan da ke sha tare da mu. Matar rubutu kawai take yi.

Mu aka haƙa wa. Ranar da ruwa ya fito, na yi kuka ban ji kunya ba.

Tun daga lokacin, in na'ura ta ƙi, mutumin da ke gabanta nake fara duba. Baffa ya rasu da rawaninsa da girmansa, dattawan nan kuwa har yau sun yarda kwamfuta ba ta son taro.